Nazari da Sharhi a kan Maƙalolin Wikipedia game da Majami'un Sikotilan

1. Gabatarwa

Tun ranar 15 ga Janairu 2001 da aka buɗe kundin sani na Wikipedia a intanet, masu aikin sa kai ne suke rubuta shi, ba albashi, kuma ba wani shugaban editoci da zai ce a buga ko kada a buga. A wannan takarda za mu duba wani ƙaramin sashe na aikin nasu, wato maƙalolin da suka rubuta a kan majami'un ƙasar Sikotilan, wadda masu Faransanci suke kira Ekos. Dalilin zaɓen wannan sashe kuwa shi ne, ƙasa ce mai harsuna uku na gado, Ingilishi da Sikots da Gelik, kuma tarihin addininta yana cike da rabuwa da haɗuwa. Duk wata wahala da mai tsara kundin sani zai gamu da ita, ta kalma ko ta hujja ko ta harshe, ana samunta a nan. Saboda haka muna ganin akwai abin da masu bincike da masu tsara karatun manya za su amfana da shi.

2. Asalin aikin

Aikin gayya a fannin rubutu ba baƙon abu ba ne a Sikotilan. A birnin Edimbara aka fara buga Encyclopaedia Britannica tsakanin 1768 da 1771. Bayan haka, Sir John Sinclair ya aika wa limaman coci na gundumomi fiye da 900 tambayoyi 160 a kan ƙasarsu da jama'arsu da sana'o'insu, ya tattara amsoshin cikin littattafai 21 daga 1791 zuwa 1799. An sake irin wannan aiki tsakanin 1834 da 1845. Haka kuma Hew Scott ya tsara Fasti Ecclesiae Scoticanae, inda ya jera sunayen limaman kowace gunduma tun daga 1560. A zamanin yanzu kuma hukumar Historic Environment Scotland, wadda aka kafa a 2015, tana riƙe da rajistar gine-ginen tarihi, ta kasa su aji uku, A da B da C.

Wannan duka yana nufin cewa mai aikin sa kai na yau ya tarar da rumbu cike. Ƙa'idar Wikipedia ita ce, duk abin da aka faɗa sai an nuna inda aka buga shi, kuma ba a yarda marubuci ya shigar da bincikensa na kansa ba. A ƙasar da aka shekara fiye da 200 ana rubuta labarin kowace gunduma, cika wannan sharaɗi ba ya da wuya. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu, don za mu komo kansa.

3. Abin yabo

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne yadda editocin suka bi da sunayen da suke ruɗar da baƙo. Babbar majami'ar Edimbara ta Saint Giles ana kiranta cathedral, kalmar da ma'anarta ita ce mazaunin bishop. Amma Ikilisiyar Sikotilan ba ta da bishop tun 1689, dattawa da limamai ne suke tafiyar da ita ta hanyar majalisu. Ginin ya zama mazaunin bishop ne daga 1633, lokacin Sarki Charles na Ɗaya, zuwa 1638, sa'an nan daga 1661 zuwa 1689. Maƙalar Ingilishi ta bar sunan da jama'a suka saba da shi a matsayin kanu, ta kuma kawo ɗayan sunan, High Kirk, ta bayyana tarihin da ya haifar da su biyun. Wannan shi ne daidai. Mai tsara kundin sani ba shi da ikon sake wa jama'a sunan abinsu, amma wajibi ne a kansa ya nuna inda suna ya saɓa wa gaskiyar abu.

Na biyu shi ne rashin ɗaukar ɓangare. A shekarar 1843 limamai kimanin 450 suka fice daga Ikilisiyar Sikotilan a ƙarƙashin jagorancin Thomas Chalmers, suka kafa Free Church, saboda ba su yarda masu filaye su riƙa naɗa wa jama'a limami ba. A 1900 yawancin waɗannan suka haɗu da wata ikilisiya, a 1929 kuma suka komo gidan asali, amma a kowane mataki an sami ƴan tsiraru da suka ƙi bi. Har yau kowane ɓangare yana da nasa labarin wanda ya bar hanya. Da mutum guda ne ya rubuta tarihin, da wuya ya kuɓuta daga son zuciya. Da yake idanu da yawa suna kan rubutun, kalmar zargi ba ta daɗewa sai wani ya cire ta. A nan gaskiyar Bahaushe ta fito, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4. Inda aikin ya gaza

(a) Gini da jama'a. Kalmar church a Ingilishi, da kirk a Sikots, tana ɗauke da ma'ana uku: ginin da ake ibada a ciki, da jama'ar da suke taruwa, da ƙungiyar addinin baki ɗaya. Bayan 1843 Free Church ta gina ɗaruruwan majami'u, har ƙaramin gari ya kan sami gini biyu ko uku na masu aƙida ɗaya. Bayan 1929 aka yi ta haɗa jama'o'in, wani gini ya zama zauren taro, wani aka sayar. To, maƙala a kan wace za a rubuta? A cikin gajerun maƙaloli sau da yawa mai karatu zai ga shekarar da aka aza harsashin gini da sunan mai zanensa da ajin da hukuma ta ba shi, amma ba zai san ko su wane ne suka yi ibada a ciki ba, ko ina suka koma. Dalili shi ne rajistar gine-gine ita ce hujja mafi sauƙin samu, kuma rajistar dutse ta sani, ba ta san mutum ba.

(b) Rashin daidaito. Mai aikin sa kai yana rubuta abin da yake so, ba abin da ake bukata ba. Majami'ar Rosslyn, wadda aka kafa a 1446, ta yi suna a duniya bayan littafin The Da Vinci Code na 2003, don haka ba ta rasa marubuta ba. Haka Iona, inda Columba ya sauka a 563, da Saint Magnus ta Kirkwall da aka fara ginawa a 1137. Ƙananan majami'un karkara da na unguwannin ma'aikata kuwa layi kaɗan suke samu, ko ba su samu ba sam. Wannan ba ƙaramin lamari ba ne, domin ƙidayar 2022 ta nuna kashi 20.4 cikin ɗari ne kawai na jama'a suka ce su ƴan Ikilisiyar Sikotilan ne, alhali a 2011 kashi 32.4 ne, kuma ikilisiyar tana rufe gine-gine da yawa tana sayarwa. Waɗanda aka fi rufewa su ne waɗanda ba a rubuta labarinsu ba.

(c) Ilimin baka. A tsibirin Lewis ana rera zabura da Gelik ta wata hanya ta musamman, mai ba da waƙa ya ja layi, jama'a su amsa kowa da nasa kaɗa murya, ba kiɗa. Free Church ba ta halatta kayan kiɗa a ibada ba sai 2010. Wanda ya iya wannan rerawa, da wanda ya koya masa, da yadda salon wannan ƙauye ya bambanta da na wancan, yawanci a bakin tsofaffi yake. Ƙa'idar hana binciken kai ta rufe wa irin wannan sani ƙofa har sai wani ya buga shi a littafi. Ƙa'idar ta kare kundin daga ƙarya, amma ta yi hakan da tsada.

(d) Harshe. Sunayen garuruwa da yawa tarihin majami'u ne. Kilmarnock daga Gelik yake, ma'anarsa majami'ar Marnock. Falkirk kuwa a Gelik ana kiranta An Eaglais Bhreac, wato majami'a mai dabbare-dabbare. Duk da haka cikakken bayani yana Ingilishi ne, sassan Gelik da Sikots ƙanana ne ƙwarai. Mafi muni shi ne abin da ya bayyana a watan Agusta 2020, lokacin da aka gano cewa wani matashi ɗan Amurka wanda ba ya jin Sikots ya rubuta maƙaloli fiye da 20,000 a sashen wannan harshe tun daga 2013. Yana ɗaukar jimlar Ingilishi ne ya sauya rubutun wasu kalmomi da taimakon ƙamus. Ba da mugun nufi ya yi ba, amma shekara bakwai babu isassun masu harshen da za su duba. Sai bayan abin ya fito fili masu jin Sikots suka shirya tarurrukan gyara. Ashe gayyar da muka yaba a sashe na 3 tana aiki ne kawai inda masu noman suke da yawa kuma suka san gonar.

5. Abin da ya shafe mu

Akwai sashen Wikipedia na Hausa, kuma fassara daga Ingilishi tana cikin hanyoyin da ake cika shi. Saboda haka darussa uku suka fito.

Na farko, batun kalmomi. Hausa ta fi Ingilishi sa'a a nan, domin tana iya cewa majami'a ko coci don gini, ta ce ikilisiya don jama'a ko ƙungiya. Mai fassara da ya sa kalma guda ko'ina ya shigo da ruɗanin da babu shi a harshensa. Ya kamata kwamitocin kalmomi su tsayar da irin waɗannan bambance-bambance su yaɗa su, kamar yadda aka yi wa haruffa a taron Bamako na 1966.

Na biyu, batun hujja. Abin da ya sa aikin Sikotilan ya yiwu shi ne littattafan Sinclair da na Scott. Tarihin masallatai da makarantun allo da kasuwannin Damagaram ko Maraɗi ko Tawa, mafi yawansa yana bakin dattawa ko cikin takardun ajami da ke hannun iyalai. Muddin cibiyoyin bincike ba su ɗauka sun rubuta sun buga ba, mai aikin sa kai ba shi da abin kafa hujja, kuma kundin zai cika da labarin ƙasashen wasu.

Na uku, batun dubawa. Abin da ya sami Sikots yana iya samun kowane harshe da masu rubuta shi ba su da yawa, balle yanzu da na'ura take fassara cikin ƙiftawar ido. Sabon mai karatu da ya fito ajin yaƙi da jahilci, in ya tarar da Hausar da ba ta yi kama da ta bakinsa ba, kansa zai zarga, ba rubutun ba. Yawan maƙaloli ba shi ne ma'auni ba.

6. Kammalawa

Hukuncinmu shi ne, maƙalolin Ingilishi a kan manyan majami'un Sikotilan aiki ne nagari da za a iya dogara da shi wajen shekaru da sunaye da tarihin gini. Suna da rauni wajen labarin jama'a, da ƙananan wurare, da duk abin da ba a buga ba. A harsunan ƙasar guda biyu kuwa, aikin bai kai yadda ya kamata ba. Muna ba da shawara ga cibiyoyinmu su ware malamai masu harshen da za su riƙa duba abin da ake rubutawa da Hausa a wannan kundi, su kuma gaggauta buga abin da suka tara daga bakin dattawa, domin da ɗan gari akan ci gari.