Kumamon, Baƙin Beyar Mai Aikin Gwamnati a Japan

Sharhin namu na yau zai yada zango ne a tsibirin Kyushu da ke kudancin Japan, inda wani ma'aikacin gwamnati yake da ofis da muƙami da katin suna, amma tun da aka ɗauke shi aiki bai taɓa furta ko kalma ɗaya ba. Sunansa Kumamon. Zanen baƙin beyar ne mai ƙaton tumbi, kumatunsa jajaye kamar an manna masa tumatir biyu, idanunsa a zare kamar yaron da aka kama da hannu cikin tukunyar miya.

A 2010 aka ƙirƙiro shi, kuma tsoro ne ya haife shi. Ana shirin buɗe layin jirgin ƙasa mai tsananin gudu, Shinkansen, a watan Maris na 2011, hukumomin jihar Kumamoto suka hango cewa fasinjoji daga Osaka za su wuce su fuu, sai Kagoshima. Mai zane Manabu Mizuno ya fito da wannan halitta. A Japananci "kuma" na nufin beyar, ba "kuma" irin tamu ta Hausa ba. Abin dariyar shi ne babu beyar ko ɗaya a dazukan Kyushu. A 2012 ma gwamnati ta sanar cewa sun ƙare ƙurmus a tsibirin.

Aka tura Kumamon Osaka ya raba katin suna dubu goma, sai aka ce ya gudu. Gwamnan Kumamoto na lokacin, Ikuo Kabashima, da kansa ya fito gaban kyamara, fuska a murtuke, yana roƙon duk wanda ya gan shi ya ba da labari. Kowa ya san wasa ne, kowa kuma ya shiga.

Amma dabarar da ta yi aiki sosai ta kuɗi ce. Jihar ta sayi haƙƙin mallakar zanen, sannan ta bar 'yan kasuwar cikin gida su yi amfani da shi kyauta, muddin sun nemi izini kuma kayan nasu na tallata Kumamoto ne. Nan da nan fuskarsa ta bayyana a buhun shinkafa da kwalin tumatir da kwalbar lemo. Reshen Babban Bankin Japan na Kumamoto ya ƙiyasta cewa cikin shekara biyu ya jawo wa jihar harkar da ta haura yen biliyan 120. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, har da canji.

Kumamon bai faɗo daga sama ba. Japanawa suna da kalmar "kawaii", wato abu ɗan ƙarami mai shiga rai, wanda ganinsa ke sa mutum ya ji yana so ya lallaɓa shi. Uwar ɗakin wannan fage ita ce Hello Kitty ta kamfanin Sanrio, wadda Yuko Shimizu ta zana a 1974, ta fara fitowa a jikin 'yar jakar kwabbai a 1975. Ba a yi mata baki ba. Kamfanin ya sha bayyana cewa hakan na ba mai kallo damar ɗora mata halin da yake ciki: mai murna ya gan ta tana murna, mai damuwa ya ga ta damu tare da shi. Nan sirrin yake, a ganinmu. Fuskar da ba ta magana ba ta ɓata wa kowa rai, don haka banki da asibiti da 'yan sanda duk za su iya aronta. Rundunar 'yan sandan Tokyo tana da nata, Pipo-kun, tun 1987. A 2008 ma'aikatar harkokin waje ta naɗa Doraemon, shuɗiyar kyanwar nan mai aljihu a ciki, jakadan fina-finan katun.

To, abu in ya yi daɗi, kowa sai ya tsoma hannu. Garuruwa da ma'aikatu suka yi ta ƙera nasu, waɗanda marubuci Jun Miura ya laƙaba wa suna "yuru-kyara". Gasar fidda gwani a tsakaninsu, wadda Kumamon ya lashe a 2011, ta cika maƙil, har a 2015 masu takara suka wuce 1,700. Wasunsu ko mutanen garinsu ba su san da su ba, alhali kuɗin haraji ne ke ɗinka rigunansu. A 2018 aka zargi wasu hukumomi da sa ma'aikatansu su yi ta dangwala ƙuri'a. Maguɗin zaɓe ke nan, a kan 'yan tsana.

A watan Afrilun 2016 girgizar ƙasa ta ragargaza Kumamoto, gidaje suka rushe, har katangun tsohuwar fadar birnin suka zube. Kumamon ya daina fita. Jama'a suka cika intanet da zanensa, wasu na tambaya ko yana lafiya. Sai ranar 5 ga Mayu, wadda ita ce Ranar Yara a Japan, ya sake bayyana a wuraren da waɗanda suka rasa matsuguni ke fakewa. Yara suka ruga suka rungume tumbinsa, tsofaffi kuma suka matso su ma su taɓa shi.