«Atamfar iyaye»: laifin yadi ne ko na ɗinki?

A rumfunan ƴan atamfa na babbar kasuwar Yamai, ko na kasuwar Dole ta Damagaram, akwai wata magana guda da ke kashe ciniki nan take. Uwa za ta kai hannu ga turmin da ya kwanta mata a rai, ta murza bakinsa tsakanin yatsu, ta ɗaga shi ga haske. Sai ɗiyar da ta yo mata rakiya ta sunkuyo ta ce a hankali: «Inna, a bar wannan, ta tsofaffi ce.» Uwa ta yi murmushi ta maida turmi wurinsa, mai rumfa ya haɗiye farashin da ke bakinsa. Ba a kushe ingancin yadin ba, ba a ce yana zuba ba; sunansa kawai aka duba aka yanke masa hukunci.

Matar da ake yi wa wannan gargaɗi ba budurwa ba ce, ba ta kuma kai gyatuma ba. Tana tsakanin shekara 40 da 55, ta haifi biyar ko shida, wataƙila ta fara aurarwa. Sau da yawa malamar makaranta ce, ko ungozoma a gidan likita, ko mai ƙaramin fatauci. Kullum tana tsaye tsakanin gori biyu. In ta ɗaura Holan mai manyan furanni, a ce ta ƙara wa kanta shekara goma. In ta ɗauki atamfar Sin mai walƙiya irin ta ƴanmata, a ce tsohuwa mai budurwar zuciya. Tambayar da ta cancanci a auna ita ce: shin akwai tambarin masaƙa da ke tsofar da mace, ko kuwa an jibga wa yadi laifin wani ne?

Yadda Holan ta koma ta manya

Atamfar da ake kira Holan ta kamfanin Vlisco ce, wanda ke garin Helmond tun 1846. Kwaikwayon rinin kakin zuma na mutanen tsibirin Jaba ya haife ta, kuma tun ƙarshen ƙarni na 19 ta sami kasuwarta a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Ana buga ta fuska biyu, shi ya sa cikinta da bayanta kusan launi ɗaya ne, kuma takan sha wanki shekara da shekaru ba ta koɗe ba. A 1973 kamfanin ya fito da Super-Wax, mai laushi. Manyan ƴan kasuwa mata na Lome, waɗanda aka laƙaba wa Nana Benz, da takwarorinsu na Abijan, su suka yi ta raɗa wa furanninta sunaye da Faransanci, irin su «idon kishiya» da «mijina mai hali ne». Ko waɗannan sunaye kaɗai sun isa shaida cewa ba don masu jika aka yi ta ba: amare da matan da ke tsakiyar kishi su ne suka fara yayinta.

To, ina tsufan ya shigo? Ta ƙofar kuɗi ya shigo. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Turai ya ninka farashi dare ɗaya, a daidai shekarun da ma'aikatan Nijar ke bin gwamnati albashin watanni. Bayan haka, daga farkon shekarun 2000, atamfar Sin, musamman mai tambarin Hitarget, ta cika kasuwanni ta hanyar Kwatano da Lome, da farashin da bai kai rabin na Holan ba. Masaƙun yankin suka kasa ja da ita: Sonitextil ta Yamai, wadda daga baya ta koma Enitex, ta yi ta fama, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna kuma ta rufe a 2007. Ƴanmata suka koma ga mai araha da ake canzawa kowane biki. Holan ta rage a hannun wadda ta daɗe tana tari, ko wadda ke ciro ta daga akwatin lefenta. Yaran da suka tashi a lokacin a jikin iyayensu da gwaggwanninsu kaɗai suka san ta, idonsu ya ɗaure ta da shekaru. Abin da suke kira tsufa, in an bincika, tarihin farashi ne.

Duk da haka ba a rasa ƙanshin gaskiya a zargin ba. Yawancin tsofaffin furannin Holan manya ne, an zana su don zani mai faɗi da ake ɗaurawa ya baje. In aka datse su a ƴar riga, ko aka jera su a ƙirjin mace gajera mai jiki, sai furen ya haɗiye ta. Wasu haɗe-haɗen launi kuma, kamar ƙasa-ƙasa da rawaya mai duhu, suna dusashe fuskar da gajiya ta riga ta taɓa. Amma wannan aibin zaɓi ne, kuma irinsa na cikin Uniwax ta Kodebuwa da Hitarget da ta kwaikwayi furannin nan. Babu masaƙar da ta keɓanta da shi.

Shadda ma ta sha irin wannan gori. Getzner, wadda ake saƙawa a Bludenz ta ƙasar Ostiriya, ana sonta ne don sheƙi da tsayuwa, kuma marina da masu bugu suna ƙara mata ƙarfi har ta riƙa ƙara in ana tafiya. Yadi ne da ba ya bin jiki, nasa siffar yake kafawa. A babbar bubu, ranar suna ko ɗaurin aure, babu abin da ya kai ta kwarjini, kuma ta fi karɓar mace mai shekaru bisa yarinya, domin tana bukatar kafaɗa da natsuwar tafiya. Sai dai in aka danƙara mata aiki mai nauyi daga wuya har ciki, aka shiga da ita aji mai ɗalibi 80 a zafin watan Afrilu, mai ita za ta koma kamar rumfa mai tafiya. A nan ma yadin bai yi ƙarya ba; an kai shi inda ba muhallinsa ba ne.

Shaidar ranar 13 ga Mayu

Wanda ke son hujjar da ba ta bukatar gardama, ya tsaya a dandalin taro ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, wadda ke tuna tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 don neman ƙarin kujeru a kwamitin shirya babban taron ƙasa. A wannan rana mata ɗaruruwa ke fitowa da atamfa iri guda: masaƙa ɗaya, fure ɗaya, farashi ɗaya. Amma a sahu guda za a ga malama mai shekara 50 ta fito tsaf kamar an zana ta, kusa da ita kuma mai shekara 35 ta nutse cikin kayan kamar na aro. Da tambari ke tsofarwa, da anko ya tsofar da su baki ɗaya.

Bambancin a teburin tela yake. Hausawa na cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma bafaden yadi shi ne mai almakashi. Yawancin telolin birane maza ne, matar aure mai girma kuwa tana jin nauyin a zagaya mata igiyar awo. Sai ta aiki yaro da turmi da tsohuwar riga, wadda aka ɗinka tun kafin haihuwa biyu na baya, da saƙon a ƙara ɗan fili. Tela, don gudun a dawo masa da kaya, ya ƙara fili ko'ina. Kafaɗa ta zubo kan damtse, wuya ya buɗe ya karkace, hammata ta sauko kusa da ƙugu, tsawon riga ya tsaya daidai inda jiki ya fi faɗi. Ga kuma fure da aka yanka ba tare da an daidaita shi ba, tsuntsu ɗaya kai sama, ɗaya kai ƙasa. Abin da ido ke karantawa a matsayin tsufa, sau tara cikin goma, rigar da ba a auna da mai ita ba ce.

Telolin kuma ba su cika koyon jikin uwa ba. Hotunan da ke manne a bangon shagunansu, da waɗanda yanzu ake nuna musu a waya, na ƴanmata ne. Mace mai shekaru in ta zo, zaɓi biyu ake ba ta: a matse ta cikin ɗinkin ɗiyarta, ko a zuba ta cikin buhu. Har manyan masu tsara tufafi ba su kuɓuta ba. Tun da Alphadi ya buɗe bikin FIMA a duwatsun Tigidit, kusa da Agadas, a 1998, sunan Nijar ya shiga duniyar ado, kuma wannan abin yabo ne. Amma masu yawo da kaya a irin waɗannan dandamali galibi dogayen ƴanmata ne sirara, alhali wadda ke kwance bakin zani ta biya kuɗin Holan da Getzner uwarsu ce.

Girma da sakaci

Akwai wani dalili da ya fi almakashi zurfi. Da zarar ɗiya ta tasa, kuɗin uwa ya koma kayan ɗaki da kuɗin makaranta. Da zarar ta yi suruki, sai a fara tuna mata cewa ta girma, kamar girma na nufin ta janye daga idon duniya. Wasu matan kan karɓi wannan hukunci, su zura hijabi kan duk abin da hannu ya kai, su ce wa zai duba. Sutura kuwa ba ta taɓa gaba da tsari ba: hijabin da aka yanka daidai tsawo, launinsa ya zauna da na zani, ya fi wanda ke sharar ƙasa mutunci. Al'adar Hausa ma ba ta san girma marar ado ba. Uwargida aka sani da akwati mafi nauyi, da murjani, da lalle, da kallabin da ɗaurinsa kaɗai ke faɗin matsayinta. Kamala daban, sakaci daban, kuma haɗa su wuri guda zalunci ne ga mace da al'ada gaba ɗaya.

Ga malamai batun ya wuce madubi. Ɗalibar da ke zaune a aji tana karanta malamarta kafin ta karanta allo. In abin da take gani shi ne mace na ɓacewa da zarar ta kai 40, darasin da za ta ɗauka ke nan game da gobenta. In kuwa ta ga mace mai furfura a tsare, cikin rufin asiri da kwarjini, ta koyi cewa shekaru ba asara ba ne.

Gyaran bai fi ƙarfin ƙungiyoyi ba. Cibiyoyin koya wa mata ɗinki da ke Maraɗi da Tawa da sauran garuruwa na iya sa awon jikin uwa cikin darussansu, su yaye telolin da mace za ta tsaya gabansu ba kunya. Ƙungiyoyin al'adu da ke shirya nunin tufafi na iya hawar da iyaye dandamali, da zannuwan akwatinsu. Masu saye kuma su bar tambayar sunan da ke rubuce a bakin turmi, su tambayi girman fure, da nauyin yadi, da wurin da za a sa shi.

Zamani riga ne, in ji masu iya magana, kuma riga juyawa take. Furannin da aka yi wa gori jiya su ne Vlisco ke sake bugawa da sababbin launuka, ƴanmata na rububi. Ɗiyar da ta hana uwarta turmi a kasuwar Dole, ba wuya a same ta wata rana durƙushe gaban akwatin uwar tana roƙo: «Inna, a ara mini wannan, ba a samun irinta yanzu.»