Wa Ya Yi Jinyar Baba? Nazari a Kan Finafinan Jinyar Uba

Daga cikin labaran da masu shirya fim na duniya suka daɗe suna komawa gare su, akwai wani mai ƙarancin hayaniya, wanda galibinsa a ɗaki ɗaya ko biyu ake yin sa, amma duk mai kallon da ya kai munzalin ganin furfura a kan mahaifinsa, in ya zauna gabansa, sai ya ji kamar da shi ake. Shi ne labarin 'ya'yan da suka girma suka watsu, kowa ya kama sha'anin gabansa, har ranar da ciwo ya kwantar da uba, larura ta tara su wuri guda bayan sun manta yadda ake zama da juna. Wanda ya duba waɗannan finafinai da idon basira zai tarar cewa ciwon uban sababi ne kawai, alhali ainihin maƙasudin shi ne a auna 'ya'yan, kuma mizanin da ake ɗora su a kai, kusan kullum, wani mutum ne wanda jini bai wajabta masa komai ba.

Asalin wannan salo ya girmi yawancin masu kallonsa na yau. A shekarar 1937 Leo McCarey ya fitar da Make Way for Tomorrow a Amurka, labarin tsoho da tsohuwa waɗanda banki ya karɓe gidansu, kuma cikin 'ya'yansu biyar aka rasa mai ɗaukarsu tare, har aka raba su bayan zaman aure na shekara hamsin. A 1953 kuma Yasujiro Ozu na Japan ya yi Tokyo Story, inda dattijo da matarsa suka taso daga garin Onomichi don ziyartar 'ya'yansu a Tokiyo, suka iske babban ɗan, wanda likita ne, da 'yar, mai shagon gyaran gashi, duk ba su da sukuni, har suka haɗa kuɗi suka tura su wurin shaƙatawa na Atami don su huta da su. Wadda ta bar aikinta ta zagaya da su gari, ta shimfiɗa wa tsohuwar a ɗan ɗakinta, ita ce Noriko, matar ɗansu wanda yaƙi ya ci, wato surukar da mutuwa ta riga ta sauke wa nauyin gidan. Tun daga nan wannan bare mai ihsani ya zama ginshiƙin salon.

Masu kallo a ƙasar Hausa, waɗanda suka shekara da shekaru suna bin finafinan Indiya, sun fi sanin wannan labari ta hanyar Baghban na 2003, wanda Amitabh Bachchan da Hema Malini suka fito a matsayin iyaye. Uban ya ƙarar da abin hannunsa a kan 'ya'yansa maza huɗu, da ya bar aikin banki suka raba shi da matarsa, sai ɗan riƙonsa Alok, wato Salman Khan, shi ya karɓe su da girmamawa. Fim ne mai sa hawaye, amma a nan ne rauninsa yake, domin ya sauƙaƙa mas'ala mai wuya: ya mai da uban salihi marar aibi, ya mai da 'ya'yan butulai marasa uzuri, sa'an nan ya ba tsohon arziki ta hanyar littafin da ya rubuta, don ya sami ikon juya musu baya. Mai kallo yakan tashi zuciyarsa wasai, saboda bai ga kansa a cikin waɗannan 'ya'ya ba, kuma wa'azin da bai taɓa mai sauraro ba, ko ya yi daɗi, amfaninsa kaɗan ne.

Tamara Jenkins ta bi hanya mafi wuya a The Savages na 2007. Uban, Lenny, ba shi da wani alheri da zai tuna wa 'ya'yansa; mutum ne mai zafin hannu wanda ya yi sakaci da su tun suna ƙanana, kuma sun daɗe ba sa ga maciji. Da gigin tsufa ya kama shi a Arizona, matar da yake zaune da ita ta rasu, danginta suka nemi ya bar gidan, sai nauyin ya faɗo kan Jon, malamin jami'a a Buffalo, da ƙanwarsa Wendy, mai fafutukar rubuta wasan kwaikwayo a Niyok. Philip Seymour Hoffman da Laura Linney ne suka fito a matsayinsu, kuma an sa Linney da Jenkins cikin 'yan takarar kyautar Oscar saboda wannan aiki. Jon ya samo gidan kula da tsofaffi mai sauƙin kuɗi kusa da shi, Wendy kuwa, da yake lamirinta na cizon ta, ta dage sai an nemi mai lambu da furanni, har wan nata ya fito fili ya gaya mata cewa wannan ado duk don kwantar da hankalin masu kai iyayensu aka yi shi, domin a ciki mutuwa ɗaya ce. A nan ma, wanda ya san yadda ake ɗaga tsohon a kwantar, wanda ya san alamun kusantowar ajali, shi ne Jimmy, ma'aikacin jinya ɗan Nijeriya. Ƙarfin fim ɗin shi ne ya aza tambayar da Baghban ya kauce wa: in uba bai cancanta ba fa? Jawabinsa, ko da yake ba da harshen addini ya zo ba, ya yi muwafaƙa da abin da malamanmu suka karantar, cewa birrul walidaini ba ramuwar bashi ba ce da za ta faɗi don mai bin bashin ya saɓa.

Inda salon ya kai maƙura, a ganina, shi ne His Three Daughters na Azazel Jacobs, wanda aka fara nunawa a bikin finafinai na Toronto a 2023, Netflix ta sake shi a 2024. Vincent yana kwance da ciwon daji a ɗan gidansa na haya a Niyok, likitoci sun sallama, ana jiran lokaci. Babbar 'yarsa Katie, wadda ke zaune a Brooklyn, cikin birnin guda, amma ba ta cika leƙowa ba, ta iso da umarni da ƙorafi. Ƙaramar, Christina, ta taso daga nesa da tattausan lafazi tana sulhu. Rachel kuwa, wadda Natasha Lyonne ta fito a matsayinta, agola ce, 'yar matarsa ta biyu, kuma ita ce ta zauna da shi duk tsawon ciwon. Jacobs bai tsarkake ta ba, domin tana shan wiwi, tana cacar wasanni, kuma sunanta na kan takardar haya, abin da ya ba Katie ƙofar zarginta da kwaɗayin gida. Katie ta buɗe firji ta iske ba kome sai jakunkunan tuffa, ta ɗauke shi hujjar sakaci, sai daga baya saurayin Rachel ya bayyana cewa tuffar nan ita kaɗai tsohon ke iya ci, kuma Rachel ce ke yayyanka masa. A wannan ƙaramin abu aka tattara hukuncin salon gaba ɗaya, wato mai zuwa dubiya yana ganin alama ya yanke hukunci, mai jinya kuwa shi ya san dalili, amma gajiya ta hana shi kare kansa.

Akwai kuma wata hikima ta sana'a da ta cancanci yabo. Kusan har ƙarshen fim ɗin ba a nuna fuskar Vincent ba. Ƙofar ɗakinsa ake gani, ana jin ƙarar na'urar da ke bin bugun zuciyarsa. Da wannan aka hana mai kallo fakewa da tausayin majinyaci, aka tilasta masa ya zauna a falo tare da 'ya'yan, inda ake gardamar takardar da likita zai sa wa hannu, da wanda zai kwana a bakin gado, da abin da za a rubuta a sanarwar rasuwa. Kuma ba a bar Katie a matsayin azzaluma ba, domin sannu a hankali an nuna cewa faɗanta tsoro ne da nadama suka sa tufar iko.

Abin da waɗannan finafinai suka haɗu a kai, in aka faɗe shi da harshen fiƙihu, shi ne 'yan'uwa sukan ɗauki jinyar uba tamkar farillar kifaya, wadda in ɗaya ya tsaya da ita ta faɗi a kan saura, alhali kyautata wa mahaifi yana kan wuyan kowane ɗa da kansa, kuma kuɗin da aka aiko daga nesa, ko da yake yana da ladarsa, ba ya zama a madadin dare ɗaya na rashin barci. Suruka da ɗan riƙo da agola da ma'aikaci, waɗanda ko a shari'armu ba su cikin magadan mamacin, su ne aka tsayar shaidu a kan masu gadon.

Saboda haka hukuncina shi ne, fim ɗin da ya hukunta 'ya'ya ya tsaya a nan, ya yi rabin aiki, wanda kuwa ya sa mai kallo ya ga uzurinsu, kuma duk da haka ya ji kunyar kansa, shi ne ya cika sharaɗin wannan fanni. Ina kira ga marubutanmu da masu shirya finafinanmu na Hausa su gwada wannan hanya mai wuya, domin gidajenmu ba su rasa irin Rachel ba. Kai kuma mai karatu, in mahaifinka yana kwance a yau, ka binciki wanda ke juya shi da dare, ka gode masa da bakinka, sa'an nan ka karɓi kwananka a wurinsa tun kafin a zo zaman makoki.