Zoɓon bana da na bara

A yankin Toskana na ƙasar Italiya, masu giyar inabi kan rubuta shekarar girbi a jikin kwalba. Wadda ake kira Tignanello, da gidan Antinori ya soma fitarwa daga girbin 1971, haɗi ce ta inabin Sangiovese da na Cabernet, kuma masu sayenta kan yi gardama a kan wace shekara ta fi. Mu nan giya haramun ce, ba ruwanmu da ita. Amma muna da namu jan abin sha, shi ma haɗi ne, shi ma damina na barin shaidarta a jikinsa.

A ƙauyukan Batsari da Safana ba kasafai ake ware wa yakuwa gona guda ba. Gefen gona ake jera ta, ko a tsakanin gero da gyaɗa. A ci ganye da damina, a tsinke zoɓo da kaka, gurguzun kuma a yi daddawar batso. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, ƙoƙon zoɓon kan fito ƙarami, marar tsoka. In kuwa ruwan ya zarce har lokacin shanya, sai ya yi fumfuna, ya riƙa warin rima. Wanda aka fi so shi ne wanda ya ƙoshi da ruwa, sannan iskar hunturu ta busar da shi: ja wur har ya doshi baƙi, yana ƙaras-ƙaras a hannu.

Mace mai sana'ar zoɓo ta san wannan sarai. Kafin ta ce a auna mata tiya, sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna, ta dubi jan da ya bari a yatsa. Daga nan take yanke yawan citta da kanumfari da masoro. In ya cika tsami ta jefa 'yar kanwa, launin ya ƙara duhu. In ya yi salam ta ƙara ɓawon abarba. Haɗin nata ba ya tsayawa wuri ɗaya, bin kayan yake yi. Masu zuba ɗanɗanon kwalba da sukari barkatai kuwa, duk zoɓo ɗaya ne a wurinsu, kuma a ganina su suka fi ɓata sana'ar.

Inda muka rabu da Italiya shi ne ajiya. Tasu giyar daɗewa ke ƙara mata kuɗi, zoɓo kuwa in ya kwana biyu a buhu sai ya koɗe ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Shi ya sa wasu 'yan kasuwa ke cakuɗa na bara da na bana, a ɗura a buhu, ya bi ta Kano har Meksiko ba sunan gari ba shekara. Ga kuma matsalar tsaro a bakin dajin Rugu, wadda ta sa a wasu shekarun manoma suka bar gonakin nesa, ko suka tsinke zoɓon a gurguje tun bai gama ƙosawa ba.