Naruto a Idon Ɗan Maraɗi: Maraya da Iskar da ke Jikinsa

Daga cikin littattafan zane na ƙasar Japan da ake kira manga, kaɗan ne suka shiga zukatan ƴan makarantar sakandare kamar Naruto, wanda Masashi Kishimoto ya zana daga 1999 zuwa 2014 cikin juzu'i 72. Matasan Maraɗi da Faransanci suke karanta shi, galibi a wayar hannu, malamai da yawa kuwa na ɗaukarsa ɓata lokaci. Wannan hukunci ya yi gaggawa.

Ƙashin bayan labarin maraya ne wanda aka kulle wani dodo mai siffar yanyawa, mai wutsiya tara, a cikinsa tun yana jariri, don haka mutanen garinsu suka ƙyamace shi. Bai tsira ta hanyar kashe dodon ba. Sai da ya san sunansa, Kurama, suka yi sulhu. Duk wanda ya tashi a Maraɗi ko Jiratawa ya san wannan tunani daga al'adar bori, inda girka ke nufin daidaitawa da iska. Marayan da aka wulaƙanta ya zama sarki kuwa tsohon ɗan gida ne a tatsuniya.

Gwanintar Kishimoto ta fi bayyana inda ya yi shiru. Yakan bar akwatin zane babu kalma ko ɗaya, sai yaro zaune a kan lilo yana kallon ƴan uwansa da iyayensu. Shafin kuma daga dama ake karanta shi zuwa hagu, abin da ba ya rikita wanda ya riƙe allo.

Amma aikin na da rauni. Faɗa ɗaya kan cinye babi da dama, har zaren labari ya saki. Matan ciki, musamman Sakura, sau da yawa sukan koma gefe suna kallon maza. A ƙasar da ta san sarautar Iya a Maraɗi da ta Inna a Tibirin Gobir, wannan giɓi ne da ɗalibi zai iya ganowa da kansa.

Abin da ya kamaci malamai da ƙungiyoyin al'adu shi ne su ajiye Naruto kusa da Ganɗoki na Bello Kagara (1934), wanda shi ma ya shiga duniyar aljannu, su sa ɗalibai su kwatanta, sannan su zana tatsuniya guda da rubutun Hausa. In aka bar su da fassarar Faransanci kaɗai, za su girma suna zaton labarin al'ajabi sai daga waje yake zuwa.