Kalmomi Masu Kama Ɗaya: Sharhi a Kan Yadda Ake Koyar da Su a Makarantun Firamare

A cikin darussan Hausa na firamare akwai wani babi da yawancin malamai suke ɗauka mai sauƙi ne, watau babin kalmomi masu kama ɗaya amma ma'anarsu dabam. Yadda aka saba gabatar da shi shi ne malami ya rubuta kalma a allo, ya jera ma'anoninta a gefe, yara su kwafa. Misalan da aka fi kawowa su ne gari da kuka da wuya da fari. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, shin waɗannan kalmomi kamarsu ɗaya ce da gaske?

A kunnen Bahaushe dai ba haka ba ne. Garin da ake zama a cikinsa wasalinsa na farko gajere ne, na garin tuwo kuwa dogo. Kukan jariri yana da karin sautin sama a gaɓoɓinsa biyu, kukar miya kuwa sautinta yakan sauka a gaɓa ta biyu. Wuyan jiki yana farawa da sama ya ƙare da ƙasa, wuya ta wahala akasin haka. Fari ya fi su duka rikitarwa, domin kalmomi huɗu ne: launi, da ƙarancin ruwan sama, da jam'in fara, da farkon abu kamar a ɗan fari. Babu biyu daga cikinsu da ake furtawa iri ɗaya. Ashe kamar da ake magana a kanta ta takarda ce kurum.

Dalili kuwa sananne ne. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna su duka biyu, haka ma na Abraham. Bayan taron Bamako na 1966, Jamhuriyar Nijar ta riƙa ninka wasali don nuna tsawonsa, kafin a koma ga daidaita rubutunta da na Nijeriya a taron Yamai na 1980. Ko a ajami ma, alif ɗaya ya isa ya raba garin tuwo da garin zama. Ba laifi ba ne a bar boko yadda yake, tunda babban mutum yakan gane kalma daga jimlar da ta zo a ciki. Laifin shi ne a ɗauki gibin da ke cikin rubutu a koya wa yaro shi a matsayin halin harshe.

Illar wannan ba ƙarama ba ce. Yaro ya zo makaranta yana bambanta waɗannan kalmomi tun yana goye, sai malami ya gaya masa ɗaya ne. Daga nan sai ya fara shakkar kunnensa, ya riƙa karatu a bayyane da murya shimfiɗaɗɗiya. Wanda ya fi cutuwa shi ne yaron da Hausa ba harshen gidansu ba ce, irin waɗanda suka cika azuzuwa a Jos da Kaduna, domin shi abin da aka faɗa masa a aji zai riƙe.

Kalmomin da furucinsu yake ɗaya tak akwai su, sai dai ba su da yawa kamar yadda darasin yake nunawa. Sa na garke da sa na sanyawa haka suke, kamar a jimlar "an sa sa a mota". Haka kuma kai wakilin suna da kai na kai saƙo, amma ban da kai na jiki, wanda sautinsa faɗuwa yake yi. Akwai kuma rukuni na uku da ake cusawa cikin buhu ɗaya da waɗannan, watau kalma guda da ma'anarta ta yi rassa, kamar bakin mutum da bakin kogi, ko watan sama da watan azumi. Dangantakar da ke tsakanin ma'anonin a fili take, kuma yara sukan gano ta da kansu in an tambaye su.

Gyaran ba ya bukatar sabon littafi. Ya kamata malami ya fara da furuci kafin alli ya taɓa allo: ya faɗi kuka biyun, yara su nuna wanne ne na jariri, wanne ne na miya. Sai bayan haka ya rubuta, ya bar su su gano cewa haruffa huɗun nan ba su ɗauki duk abin da suka ji ba.