Sunan Tsara da Rainin Shekaru

A shekarar 1928 wani malami Karl Mannheim ya rubuta maƙala a Jamus, ya ce mutanen da suka tashi lokaci guda, abu guda ya same su, sukan ɗauki hali guda. Daga baya Amurkawa suka shiga yanka mutane kashi-kashi, kowane kashi da sunansa. A 2021 Philip Cohen na Jami'ar Maryland ya rubuta wa cibiyar bincike ta Pew takarda, ya ce sunayen nan ba su da tushe cikin ilmi, sai dai su sa a yi wa mutane kuɗin goro. A 2023 cibiyar ta ce za ta rage amfani da su.

Maganar malamin tana da ƙarfi, amma da ya zauna a Darini, ko wani ƙauye na ƙasar Batsari da Safana, da ya ga rainin ya girmi sunan. A tsarin gandu ɗa yakan yi aure, ya haifu, amma yana noma ƙarƙashin ubansa, gayauna kaɗai ke tasa, rumbu kuwa na maigida ne. Muddin haka ta ke, yaro ne shi ko da furfura ta fara fito masa. Tun ba a san Pew ba a ke cewa ta yaro kyau ta ke, ba ta ƙarko. Watau sunan tukunya ce, da ruwan da aka tarar a gida a ke cika ta.

Sai dai wannan ba ta wanke sunan sarai ba. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan, aka ɗauki waɗansu da horo na gaggawa. Laifin na shiri ne, amma sai ya faɗa kan yaran, aka riƙa ce musu 'yan yu-fi-i, ana nufin masu karatu ba ganewa. A nan sunan ya yi aikin da karin magana ba ta iya ba, domin yaro yakan girma ya fita daga yarinta, amma ba mai fita daga shekarar da aka sa shi makaranta. Waɗanda suka shiga aji ɗaya a shekarar nan yanzu sun haura hamsin, da yawansu suna da jikoki, su ne kuma ke zaune a zaure suna kukan yaran zamani da wayoyinsu.